Yadda zaka haɗa kwamfutar gem da zata jure wuta, zafi da ƙurar ƙauye

Assalamu alaikum jama'a. Tunda na buɗe ɗan shagon gem ɗina a garinmu nan gefen Ringim, kusan kullum sai an samu wanda ya leƙo bayan tebur yana tambaya wai wannan akwatin mai fanka uku a gaba a ina na siyo, idan nace ni na haɗa da hannuna sai ya ɗauka tsokana ce. To yau dai na zauna zan rubuta abin tun daga tushe. Amma ka sani tun yanzu, rabin abinda kake gani a bidiyon turawa na YouTube ba don mu aka yi shi ba. Mutumin da yake haɗa kwamfuta a ɗaki mai esi a Jamus, ba'a ɗauke masa wuta, ƙura bata shigo masa ta taga, ina zai san abinda watan Afrilu yake yiwa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, a ɗaki mai rufin kwano ba silin? Mu a nan abu uku ne ke kashe kwamfuta, wuta da zafi da ƙura, kuma duk abinda zaka siya da waɗannan ukun zaka auna shi.

Fara da wuta kafin ka siya ko noti ɗaya

Wannan shine inda yawancin samari suke kuskure, sai mutum ya tara kuɗin ridi ko na shinkafar rani ya zuba duka a katin girafik, wato mai zana hoton gem, ya dawo gida sannan ya tuna da ƙaramin janareta zai kunna. Ka zauna da biro kayi lissafi. Furosesa irin Ryzen 5 5600 a rubuce wat 65 take ci, katin girafik irin RX 6600 wat 132, idan ka haɗa da madabod (babban allon da komai yake zama akai) da ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita) da fankoki da monita, lokacin da gem yayi zafi zaka ga wajen wat 250 zuwa 300. Idan sola gareka da batir ɗaya na bolt 12 mai 200Ah, ka ninka, wat 2400 kenan na awa guda, amma batir na ruwa ba'a son a shanye shi ya wuce rabi, kaga 1200 ya rage maka, inbata ma tana cin nata, wato awa uku da rabi zuwa huɗu zaka samu da daddare in babu firji ko fankar sama a kan layin. Wannan lissafin shi zai gaya maka katin da zaka iya riƙewa.

Inbatar kuma ta zama mai tsaftatacciyar wuta, wacce masu saidawa suke ce wa fiyo sain, don waccan mai arha tana sa fawa saflai, akwatin da yake rabawa kayan kwamfuta wuta, kuka kamar sauro kuma tana gajiyar da shi. Idan wutar gari kake amfani da ita, sitabilaiza dole ne, sannan yufiyes mai 1000VA ko sama, ba don ka cigaba da wasa ba in an ɗauke, minti kaɗan ne kawai zai baka ka sebin ka kashe lafiya. Abu na ƙarshe wanda ba'a faɗa, gidajenmu da yawa a ƙauye babu wayar at, wacce take kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, shi yasa in ka taɓa bayan kesin, wato akwatin kwamfutar, babu takalmi sai kaji yana ɗan janka. Kira mai gyaran wuta ya buga maka ƙarfen at a ƙasa ya jona da soket ɗin, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Da damina kuma in hadari ya taso da tsawa, kashe soket bai isa ba, zare filogin gaba ɗaya.

Kayan da zaka siyo

Abu takwas ne: furosesa, madabod, ram, SSD (ma'ajiyar Windows da gem), katin girafik, fawa saflai, kesin, da abin sanyaya furosesa. Babban abin lura shine furosesa da madabod aure ne, sai jinsinsu yazo ɗaya. Ryzen 5 5600 gurbinta AM4 ne, tana zama a madabod B450 ko B550 da ram DDR4, sai dai B450 tsohuwa wani lokaci sai an sabunta mata BIOS, manhajar cikin madabod, kafin ta gane Ryzen na jerin 5000, don haka kasa mai shago ya gwada a gabanka. A ɓangaren Intel, i3-12100F da i5-12400F gurbinsu LGA1700, kuma madabod ɗinsu akwai mai ɗaukar DDR4 akwai mai ɗaukar DDR5, ba'a haɗa su, ko ka danna bazai shiga ba don tsagar ƙasan ram ɗin ba waje ɗaya take ba. AM5 da AMD ta fitar a 2022 DDR5 kaɗai take ci, tana da kyau sosai amma ga mai fara haɗawa a ƙauye ni dai AM4 nake bada shawara, kayanta sun yawaita a kasuwa kuma in wani abu ya lalace zaka samu madadinsa a Kano ba sai an aiko daga Legas ba.

Ka kula da wannan harafin F na ƙarshen sunan Intel, yana nufin furosesar bata da girafik a cikinta, haka ita ma 5600 bata da shi, in babu kati ko hoto bazaka gani ba. Idan kuɗinka bai kai na kati ba yanzu, ɗauki Ryzen 5 5600G, ita tana da nata girafik a ciki, zata buga maka eFootball da GTA V a ƙaramin saiti kafin Allah ya hore.

Ram giga 16, amma sanda biyu masu 8 kowanne, ba sanda ɗaya mai 16 ba, don biyun suna aiki tare kamar shanun huɗa kuma bambancin a fili yake musamman ga mai 5600G. SSD ka nemi NVMe, ɗan siriri ne kamar sandar cingam, tera ɗaya in da hali tunda GTA V kaɗai tana cin wajen giga 100.

Katin girafik anan ake yaudarar mutane. Kasuwa cike take da RX 580 mai giga 8 a farashi mai daɗi, amma katin tun 2017 yake, wat 185 yake ci, da yawansu an sha haƙar kirifto dasu dare da rana, wasu ma samfurin 2048SP ne wanda ƙarfinsa bai kai na ainihin ba. A ɗakinmu mai zafi wannan katin murhu ne. GTX 1660 Super wat 125, RX 6600 wat 132, RTX 4060 wat 115 kacal, RTX 3060 mai giga 12 wat 170. Duba lambobin nan da kyau, don duk wat ɗin da kati yaci zafi yake komawa ya zauna maka a ɗaki, kuma daga batirinka ya fito. In na hannu zaka siya, tokumbo, kada ka biya sai an jona an kunna FurMark, manhajar gwada ƙarfin kati, minti goma sha biyar kana tsaye, ka ga fankokin duk suna juyawa, hoto baya tsinkewa, babu ɗigo-ɗigo masu kala a allo.

Fawa saflai, dan Allah dan Annabi kada kayi rowa anan. Ni na taɓa siyan wani mara suna da aka rubuta masa wat 800 a jiki, in ka ɗaga shi kamar kwali babu nauyi, wata biyu yayi wata rana da azahar naji fat sai ƙauri, ya tafi da madabod ɗina. Nemi wat 550 zuwa 650 na kamfanin da aka sani irin Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus Bronze. In tsohon samfuri ne mai ɗan jan makunni a baya da aka rubuta 115 da 230, ka tabbata yana kan 230, wutarmu kenan.

Kesin ka ɗauki mai raga a gaba, kada gilashi da fitilu masu kala su ruɗe ka, kesin da gabansa yake a toshe da gilashi kamar ka kulle mutum a mota da rana ne. A Kano zaka samu yawancin kayan nan a Beirut Road, farashi kuma da dala yake tafiya, don haka ka zaga shago uku huɗu kafin ka ciro kuɗi, kuma ka karɓi rasit mai lambar kowane kaya.

Haɗawa

Ka zaɓi safiya, ɗaki a share a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, tebur na katako, sukudireba mai kan kuros, da ɗan kwano na zuba notika. Da hunturu iska a bushe take, irin lokacin da in ka cire riga kake jin tana tas tas, wannan ƴar wutar jikin tana iya kashe ram, saboda haka kafin ka taɓa komai ka dafa ƙarfen kesin ko ƙofar ƙarfe, kuma kada ka zauna kan darduma ko bargo kana aikin. Kaya kuma a gefe ake riƙe su.

Ɗora madabod kan kwalinta. Ɗaga ɗan ƙarfen gefen gurbin furosesa, duba kusurwar furosesar zaka ga ƙaramin alama mai kusurwa uku ruwan zinare, akwai irinsa a gurbin, ka daidaita su ka sake ta ta faɗa da kanta. In bata zauna ba to baka daidaita bane, ɗaga ka sake duba, kada ka danna. A AM4 alluran suna jikin furosesar, a Intel da AM5 suna cikin gurbin madabod, ko ta ina ne in ɗaya ta lanƙwashe ka shiga uku. Sauke ƙarfen ya kulle.

Sai ram. In madabod ɗinka mai gurbi huɗu ce, sanda biyun a gurbi na biyu da na huɗu zasu shiga in ka ƙirga daga wajen furosesa, galibi an rubuta A2 da B2. Buɗe ƴan maƙallan, daidaita tsagar, danna da ƙarfi har kaji ƙas. Anan kam ana son ƙarfi, mutane da yawa tsoro yake sa su bar shi rabi a waje sannan kwamfuta taƙi nuna hoto su fara salati. SSD kuma a karkace ake zura shi a gurbin M.2, sannan a kwantar a ɗaure da ƙaramin noti.

Yanzu abin sanyaya. Juya shi ka duba ƙasansa, in akwai leda a manne ɓare ta, wallahi an sha kawo min kwamfuta tana kashe kanta na buɗe na tarar da ledar nan. In babu man zafi, wato man da yake kai zafin furosesa ga abin sanyayar, a shafe a ƙasan, ɗiga shi tsakiyar furosesa kamar girman ƙwayar wake ƙarama, ba sai ka baza da yatsa ba nauyin ƙarfen zai baza. Ɗaure notika huɗun kaɗan kaɗan, wannan kusurwa sannan wacce take kallonta, kamar yadda ake ɗaure tayar mota. Wayar fankar ta shiga inda aka rubuta CPU_FAN.

Kafin madabod ta shiga kesin, saka farantin bayan nan mai ramukan USB, in ka manta sai ka kwance komai. Duba ƴan ƙafafun tagulla da madabod zata zauna akai, kowanne ya dace da rami, in akwai na rara a ƙarƙashi inda babu rami cire shi don zai iya haɗa wuta. Ɗaure madabod, kada ka matse kamar kana ɗaure garma. Saka fawa saflai, jona babbar waya mai rami 24 a gefen dama, da mai 8 da aka rubuta CPU a sama ta hagu. Akwai wata mai 8 ɗin da aka rubuta PCIe wacce take rabewa 6 da 2, ta katin girafik ce, sun yi kama amma ba'a musanya su. Ƙananan wayoyin gaba na makunni sune masu cin rai, buɗe littafin madabod ka bi hoton, wacce ta zama dole ita ce PWR SW, ta makunnin kunna kwamfutar. Daga ƙarshe katin girafik a dogon gurbi na sama har yace ƙas, ɗaure shi da kesin, jona wutarsa. Wayar monita a jikin katin zaka soka, ba a madabod ba.

Kunnawar farko

Kayi bismillah ka danna. Ta kan ɗan jima kafin hoto yazo a karon farko, ka bata minti biyu. In fankoki na juyawa babu hoto, kashe ka zare ram ka sake dannawa, sau tari nan matsalar take. In hoto yazo danna Delete ko F2 ka shiga BIOS, duba ta ga ram giga 16 da SSD, sannan kunna XMP, a wasu madabod na AMD sunansa DOCP, in ba haka ba ram ɗin da ka siya mai gudun 3200 zai zauna yana tafiya a 2133 ko 2400. Windows a filas mai giga 8 ake sawa da manhajar Rufus, kuma ka sa 11 tunda Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Shawarata ka sauke Windows da direban katin da manyan gem ɗin tun kana birni inda netwok yake da ƙarfi, in ba haka ba a ƙauye sai ka kwana uku kana kallon kashi 12 cikin ɗari data na tafiya.

Sanyaya, inda aikin yake

Ga abinda ya kamata ka gane, fanka bata ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take ɗauka ta busa. Wanda ya gwada kati a ɗaki mai digiri 22 yace yana tsayawa a 68, kai da ɗakinka yake 40 a bazara ka ƙara 18 akai, 86 kenan, katin ya fara rage gudu da kansa gem yana sarƙewa. Ryzen 5600 iyakarta digiri 90, Intel wajen 100, amma ni bana son ganin furosesa ta wuce 85 ko kati ya wuce 80 ana cikin wasa. Saka manhajar HWiNFO ko MSI Afterburner ka riƙa kallon lambobin zafin, ka gwada da ƙarfe biyu na rana ba da asuba ba.

Ɗan abin sanyayar da yake zuwa cikin kwalin furosesa zai yi aiki da hunturu, amma daga Maris zuwa Mayu zaka ji shi yana ihu. Sayi na tsaye mai bututun tagulla huɗu irin DeepCool AK400 ko Hyper 212, ka juya shi yana hura iska zuwa bayan kesin. Na ruwa kuwa ni bana saka wa kowa a ƙauye, yana da famfo a ciki, ranar da famfon ya mutu shiru zaka ji sai zafi, kuma madadinsa sai ka hau mota zuwa Kano, na iska kuwa in fankarsa ta mutu ko wacce mai milimita 120 ka ɗaura an wuce wajen.

Fankokin kesin, biyu ko uku a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Gefen da yake da sandunan roba da waya shine inda iska take fita, wasu ma da kibiya a jiki. Ka sa masu shigarwa sun fi masu fitarwa yawa, ta haka iska zata riƙa tsiyayewa waje ta ƴan ramuka maimakon ta zuƙo ƙura ta ko ina, kuma duk abinda ya shigo ta ragar gaba ya biyo. Dabarar da ta fi taimaka min kuma kyauta ce: a Afterburner ka rage iyakar wutar kati zuwa kashi 80, hoton da zaka rasa ido baya ma gane shi, amma zafi zai sauka batir kuma zai ƙara daɗewa. Haka in monitarka mai nuna hoto 60 a sakan ce, kulle gem ɗin a 60, don me kati zai riƙa zana hoto 140 da bazaka gani ba?

Wajen ajiyewa ma magana ce. Kada ta zauna a ƙasa, ɗora ta kan tebur ko benci, a bar taƙi guda tsakaninta da bango, nesa da tagar da rana take shigowa. Wasu suna cire murfin gefe su saita mata fankar ƙasa, eh yana rage zafi a ranar, amma bayan sati biyu ka leƙa ciki kamar an yi sussuka.

Ƙura da baƙin da ba'a gayyata ba

Da hunturu duk sati biyu nake cire ragar gaba in wanke ta bushe sarai in mayar, ciki kuma duk wata. Kashe, zare filogi, fitar da ita tsakar gida, hura da bulowa irin ta masu gyaran waya, kuma ka dafe fanka da yatsa kada iska ta juya ta da gudu. Kada ka kai wa mai faci ya hura maka da injinsa, iskar tana zuwa da ruwa da mai. In ka gama wasa kuma ta huce, lulluɓe ta da zani. Na taɓa tafiya biki Haɗeja kwana goma, na dawo na tarar zanzaro ya gina ɗaki a bayan katin girafik, tsaka da kyankyaso ma suna son ɗumin fawa saflai, don haka duk ramin bayan kesin da babu komai ka toshe shi da ƙarfensa. Man zafi a irin yanayinmu duk shekara ko shekara biyu a canza, a goge tsohon da sifirit da ƙyalle mai tsabta. A AM4 ka kunna ta tayi ɗumi tukuna sannan ka kashe ka murɗa abin sanyayar hagu da dama kafin ka ɗaga, in ka fizga kai tsaye furosesar zata biyo shi da alluranta.

Ƙarin ƙarfi daga baya

In kana da tsohuwar kwamfuta kana so ka ɗaga ta, bi a hankali: SSD da farko in har hadis mai juyawa take amfani da shi, sannan ram ya kai 16, sannan kati, furosesa ce ta ƙarshe. Kafin ka siyo sabon kati auna tsawon kesin da tef, kuma duba fawa saflai yana da wayar da katin yake so. Masu irin kwamfutar ofis ta Dell OptiPlex ko HP da ake kawowa tokumbo, fawa saflai ɗinsu ƙarami ne kuma wayoyinsa na gidansu ne, ba kowanne ake musanyawa ba, don haka ku nemi GTX 1650 samfurin da baya buƙatar ƙarin waya, wat 75 ɗinsa daga gurbin madabod yake sha, in kesin siriri ne kuma sai gajeren samfurinsa. Ɗaya daga cikin kwamfutocin shagona haka take, i5 tsohuwa da 1650, kuma ita yara suka fi layi akai ranar kasuwa don eFootball ɗinta bata taɓa sarƙewa.